Shekarar da Injin Niƙa Ya Yi Shiru

Wata shida kacal maƙwabciyata mai fura take buƙata ta sha magani ba tare da gari ya ji ba. A ɗakin shan maganin garinmu kuwa wata shida ba ƙaramin abu ba ne, don ba domin magani aka gina shi ba. Sito ne na awon gyaɗa tun zamanin da gyaɗa ke da daraja, dogo kamar an haɗa zaure uku, rufin kwano, babu silin, ƙofa ɗaya ta gabas da 'yan tagogi can sama. Da gyaɗa ta mutu aka share shi, aka shafa farar ƙasa, aka jera tebura, aka ce ga asibiti. An ce za a yanka shi ɗaki-ɗaki. Har an zana layi a ƙasa inda bango zai tashi, an kuma ja bututun ƙarfe a jikin bangon arewa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wai na famfo. Bangon bai tashi ba, ruwan bai zo ba. Haka muka yi aiki a ciki, kowa na kallon kowa.

Mu uku ne. Malamin asibiti, mutumin Dawakin Tofa, mai sanyin hali, teburinsa na tsakiya. Ungozoma, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin garin, tana da gado ɗaya a gefen kudu. Sai ni, mai yanka kati, a bakin ƙofa, teburina manne da bango don in sami haske. Masu jira benci uku gare su a tsakar ɗakin, randar ruwan sha kuma tana can ƙuryar yamma. Duk wanda ya zo a gabana zai fara tsayawa, ya faɗi sunansa da unguwarsu da abin da ke damunsa, in rubuta, ya kai wa Malam katin.

Aikin nan ban same shi a banza ba. Na haura arba'in ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Bayan rasuwar maigidana na shiga ajin yaƙi da jahilci. An yi mini dariya a rijiya, an yi mini a gidan biki, aka ce tsohuwa ta rasa abin yi ta koma cin alli. Duk wanda ya faɗa na ba shi amsarsa a take, ban bar ta kwana ba. Shekara uku na yi na fito da takarda. Don haka ranar da aka miƙo mini biro da katunan gwamnati, na ƙudura babu abin da zai shiga tsakanina da rubutuna.

Abin da ya shiga tsakani injin niƙa ne. Rumfarsa tana manne da bangonmu na kudu. Daga hantsi zuwa azahar yana kuka, kwanon rufi na karkarwa, garin dawa na shigowa ta tagogi ya kwanta a kan katuna. Ni kuwa rubutuna a lokacin sai na tattara hankali wuri ɗaya, ƙarar tana sa in tsallake wani harafi in maimaita wani. Kullum kaina na sarawa nake komawa gida.

Akwai abin da nake gani kullum ban ba shi ma'ana ba. Mace za ta sunkuyo dab da kunnena tana faɗin ciwonta. In bel ɗin injin ya zame ya daina juyawa, sai ta tsaya ita ma, ta kama gyaran mayafi ko ta hau jijjiga goyon da bai yi kuka ba. Sai an sake tayar da shi ta ci gaba daga inda ta bari. Maza ma haka, su da tari suke cike gurbin. Na ɗauka nauyin baki ne irin na mutanenmu, har nakan ce su yi sauri, akwai layi.

Mai furar nan katanga ɗaya ta raba mu, Yaya take ce mini. Mijinta ya tafi ci-rani kudu, shekara biyu ba shi ba saƙonsa, 'ya'ya huɗu kuma ƙwaryar nan ce ke ci da su. A bakin tasha take zama, direbobi da malaman firamare su ne masu sayenta, don furarta ba ta da tsakuwa kuma ta iya sa yaji. Wata rana ta nuna wa ungozoma wani tabo a bayan damtsenta, fari-fari kamar inda aka ɗiga ruwan toka. Malam ya sa ta rufe ido, ya shafa mata auduga a wurin, ya tambaye ta ko ta ji. Ba ta ji ba. Ya ce kuturta ce, amma an kama ta da wuri. Wata shida na magani ta warke ba tare da ta rasa ko farce ba, in dai ba ta yanke ba. Sharaɗin shi ne kowane wata ta zo ta haɗiye ƙwayoyin farko a gabansa, a shigar da ita littafi, sannan ta tafi da sauran gida.

Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan kalma ke yi wa mai sayar da abinci. Ba ruwan kowa da an warke ko ba a warke ba. Ranar da aka ji, ranar za a daina taɓa ludayinta. Don haka muka shirya ta riƙa zuwa da ƙwaryarta a ka kamar talla ta kawo mana, ta durƙusa gefen teburin Malam tana damu, ta jefa maganin a baki a ƙarƙashin mayafi. Ni kuma in buɗe baƙin littafin da ake rubuta masu irin wannan ciwo, in sa sunanta da ciwon da watan. Wata biyu muka yi haka, inji na kuka, ba wanda ya ɗago kai.

A tsakanin nan na rubuta takardar koke. Ita ce wasiƙa ta farko da na rubuta ba a aji ba, sai da na yaga uku kafin ta huɗu ta yi. Na ce ba a taɓa ganin inda ake duba marar lafiya a cikin injin niƙa ba, na kai wa dagaci. Malam ya ce mini, “Inna, da kin bar shi. Mun saba.” Na ce shi ya saba, ni ban saba ba, kuma ba sabo gwamnati ta aiko mu yi ba. Gaskiyar magana ko ban rubuta ba da wuya mai injin ya kai ƙarshen shekara a wurin, don man injin ya yi wuya, hatsin niƙan ma ya ƙare a gidaje. Amma takardata ce ta sa dagaci ya kira shi. Wata Asabar aka kwance injin aka loda a mota, ya koma Tsanyawa. Na tsaya a ƙofar asibiti ina kallo, hannu a ƙugu.

Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Kafin bazara rumbuna sun zama fanko, majiya ƙarfi sun bi mota, an sayar da awaki, an sayar da kaji. Ban san garinmu ya yi shiru haka ba sai da injin ya tafi, ashe shi kaɗai ya rage yana magana. Ka fito da hantsi ba ka jin daka ko a gida ɗaya. Ba carar zakara, ba kukan jaki. Ga gonaki manne da gidaje kamar kullum, babu kowa a cikinsu sai kututturen kara.

A cikin sito kuwa shirun wani iri ne. In rana ta take, kwano yakan yi ƙas, ƙas, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar wani na tafiya a kai a hankali ba ya son a ji shi. Ana jin jemagu na gyara zama a jikin katako. Ana jin kukan cikin wanda ke benci na uku. Jariran da ake kawowa a shekarar ba su da ƙarfin kuka, sai wani ɗan sauti kamar na 'yar kyanwa. Na sami shirun da na nema, rubutuna ya miƙe, amma sai kowa ya koma ciwo ɗaya. Mace tana tafe tana dafa bango, ka tambaye ta, ta dubi benci ta ce ciwon kai. Masu ƙarfin hali ne kawai ke sa baki a kunnena su raɗa gaskiya, in rubuta.

Sai maganganu suka fara fita. Wani dattijo ya raɗa mini gwaiwa ce ke damunsa, abin da ya yi shekaru yana ɓoyewa a cikin babbar riga. Kafin Juma'a ana yi masa shaƙiyanci a majalisa. Wata amarya ta zo da cikin wata biyu, ko uwarta ba ta gaya wa ba, ta koma gida ta tarar ana yi mata barka.

Ana cikin haka wata mata ta je randa shan ruwa. Muna zaune sai muka ji moɗa ta faɗi, ta fita da gudu ba takalmi. Da aka tare ta a waje ta ce bango ne ya yi mata magana. Ba muryar namiji ba ce, ba ta mace ba, iska-iska ce, kuma ba ta faɗin magana a haɗe, sai ta yanka ta gunduwa-gunduwa, ta ja kowace, ta tsaya, ta ci gaba. Sunan mutum ta kira, da unguwarsu, da ciwonsa. Nan take wasu biyu suka ce su ma sun taɓa ji, a gida kawai suka faɗa. Tsofaffi suka tuna wai zamanin awo buhunan gyaɗa sun taɓa danne wani ɗan dako a wannan ƙuryar, sai bayan kwana biyu aka gano shi. Wai shi ne yake kiran sunaye yana neman wanda zai amsa. Liman ya zo ya yi addu'a, aka yayyafa rubutu, aka turara hayaƙi. Muryar ba ta daina ba.

Ni ban yarda ba. Na ce aljani ya rasa aikin yi sai gwaiwar tsoho? Mai ƙafa biyu ne, kuma a cikinmu yake. Na je na tsaya a gindin randar sau ba adadi, na kasa kunne har wuyana ya ƙage, ban taɓa jin komai ba. Mata suka ce ai ko shi tsoron bakina yake ji. Zuciyata ta tsaya a kan ungozoma, don ita ke shiga kowane gida, kuma tana son hira. Na daina amsa gaisuwarta da kyau. Ta kuwa lura.

Mai fura ta zo a wata na uku, cikin shirun nan. Ta sha magani, ta je randa ta ɗebi ruwan wanke ludayi, ta fita ba sallama. A wata na huɗu ba ta zo ba.

Malam ya jira mako guda, sannan ya kira ni waje ƙarƙashin darbejiya, don a lokacin mu kanmu mun daina magana a ciki. Ya ce in ta yanke, ciwon zai shiga jijiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na shiga gidanta da la'asar na same ta tana mulmula fura. Na yi mata faɗa kamar yadda na saba, na ce da yatsun da take mulmular take wasa. Ba ta dube ni ba. Ta ce ita dai ɗakin nan yana magana, gara ta rasa yatsa a hankali da ta rasa ƙwarya a rana ɗaya. Na tambaye ta ko ta ji wani abu ne. Ta ce a'a. Na ce ta ba ni kwana goma, zan toshe bakin ɗakin. Na rantse mata.

Kwana goman nan ban zauna ba. Na kwance zanar bayan gidana, na roƙi wasu a maƙwabta, muka kafa dirkoki a cikin garewani cike da ƙasa, muka kewaye teburin Malam, muka kewaye gadon ungozoma, na kewaye nawa. Ƙanen maigidana yana dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, ya aiko mini da tsofaffin buhunan algarara. Na farke su, na ɗinke biyu-biyu, na rataya a waya daga katako zuwa katako don su shanye amsa-kuwwa. Sannan na yi abin da na fi alfahari da shi: na kwashe bencin nan uku daga tsakar ɗaki na kai su nesa da tebura iyakar nisa, na jera su a gindin randa.

Ɗakin ya ƙara duhu. Buhunan suna lilo ko babu iska, in ka shigo daga rana sai ka ga kamar mutane ne a tsaye sun juya baya. Amma na gwada. Na sa Malam ya shiga bayan zanarsa ya yi magana da muryarsa ta kullum, na zauna a benci, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na sa ungozoma, ita ma haka. Teburina ne kawai ban gwada ba, don ni ba na magana, rubutu nake yi.

Mai fura ta zo ranar Laraba, da ƙwarya a ka. Ranar benci cike yake, mata bakwai ko takwas, har da matar wani direba. Ta shige bayan zanar Malam, na ji ƙarar ludayi, ta fito ta tsaya a bakin tawa zanar ta ɗaga mini gira, alamar ta sha. Na jawo baƙin littafi, na sunkuya, na rubuta sunanta, da sunan ciwon, da wata na huɗu. Na rufe. Na leƙa ina murmushi don in ga yadda aikina ya yi kyau.

Ba wanda ke motsi a ƙuryar. Matan duk sun juyo, ba ni suke kallo ba, ƙwaryar da ke kanta suke kallo. Wata da ta sayi fura da safe tana riƙe da ita a ƙoƙo, na ga ta ajiye ƙoƙon a ƙasa a hankali ta tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa. Ungozoma na tsaye a gindin randa, moɗa a hannu, ruwa na zuba a zanenta ba ta sani ba. Mai fura ta dube su, ta dube ni, ta gyara gammonta ta fita.

Da aka watse, Malam ya tafi sallar azahar, na tare ungozoma. Abin da na faɗa mata ba zan rubuta shi duka ba. Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na ce ta mayar da yara huɗu marayu ubansu na raye. Ta bar ni na gama. Sannan ta kama hannuna, nata hannun sanyi ƙalau, ta ja ni har ƙurya ta zaunar da ni a ƙarshen benci.

“Zauna nan, Malama,” ta ce. Haka take kirana in tana son ta tsokane ni. “Kada ki tashi.”

Ta tafi can bakin ƙofa ta shige bayan zanata. Na zauna ina huci, kwano na ƙas-ƙas a sama. Can sai wani abu ya yi numfashi a bayan kunnena na hagu. Muryar ta fito daga bango, dab da randa, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, ta kira sunana a yanke, gaɓa ɗaya, ta ja, ta tsaya, gaɓa ta biyu. Ta faɗi unguwarmu. Na san ungozoma ce, na ga shigarta da idona, amma duk da haka sai da na waiwaya ina neman mai maganar. Sai na ga bakin bututun famfon nan a buɗe a bayan randa, tsatsa ta ci gefensa. Ɗaya bakin kuwa na san inda yake. Yana saman teburina, daidai inda nake sunkuyar da kai. A jikinsa nake rataya carbina.

Ta dawo ta tsaya a kaina. “Haka kike yi,” ta ce. “Duk abin da biro ya rubuta, bakinki na faɗa. Na daɗe ina ganin leɓenki na motsi, na ɗauka salati kike. Sai yau da ƙishirwa ta kawo ni nan.”

Na ce, “Gwaggo, ni ba na jin kaina.”

“To, gari ya ji ki.”

A aji haka aka koya mana. Malamar ajin ta rubuta a allo, mu faɗa tare gaɓa-gaɓa, hannu na rubutawa baki na rakiya. Waɗanda suka fara tun suna ƙanana sukan yar da wannan a hanya, ba su ma san sun yar ba. Ni da na fara da furfura ban yar ba, na dai rage murya har ta zama raɗa, na kuma daina jin ta kamar yadda mutum ba ya jin numfashinsa. Tun da na kama aiki injin niƙa ke rufa mini asiri, ni da masu zuwa gaba ɗaya, na tashi na kore shi da takarda.

Na yage gefen wani buhu na cusa a bakin bututun, na tura da kara. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ungozoma ta koma ta sake gwadawa, shiru. Na roƙe ta gafara, ta ce ita ba komai, in je inda ya kamata.

Washegari na bi mai fura tasha. Tana zaune a inda take zama, ƙwarya a rufe da faifai, nono ya fara tsinkewa. Motar Tsanyawa na lodi, direbobin da suka saba tsugunawa gabanta suna can gefe suna cin rogo. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Gaishe ta ma suke yi, daga nesa, da ladabi fiye da na da. Na zauna a ƙasa na ce ta dama mini. Na sha da ludayinta, na lashe shi gaba da baya, na ɗaga murya na ce malamin asibiti ya ce wanda ya fara magani ba ya sa wa kowa, mai musu ya zo ya same ni. Suka ce haka ne, Inna, gaskiya ne, Inna. Ba wanda ya matso. Kwana biyar na yi ina zuwa ina sha har cikina ya ɓaci. Rana ta shida ba ta fito ba.

Na same ta a gida na gaya mata komai, bututun, da bakina, da bencin da na kai gindin randa da hannuna. Ban yi wa kaina sassauci ba. Tana tsintar ganyen tafasa a faifai, ba ta daina ba.

“Na sani, Yaya,” ta ce. “Tun wancan watan. Na je ɗibar ruwa na ji bango na kiran sunana, na waiwaya na ga kin sunkuya, haɓarki na tafiya tare da shi.”

Na ce, “Kin sani, kika ƙi faɗa? Har gidan nan na zo na tambaye ki.”

“Ta yaya zan dubi idonki in ce rubutunki ne? Ke da kika sha wuya kafin ki same shi. Na ce ko zanar za ta tare.”

Na matsa kusa da faifan. Na zauna na taya ta tsintar tafasar har muka gama.

Wata na biyar da na shida ta zo ba ƙwarya. Ta zauna a benci kamar kowa, aka matsa aka bar mata wuri mai faɗi. Da layi ya zo kanta ba ta shiga bayan zana ba, ta tsaya a tsakar ɗaki ta ce wa Malam ya miƙo, ta haɗiye a gaban jama'a. Da maganin ya ƙare Malam ya duba ta ya ce ta warke. Ta ce in rubuta mata haka a takarda, in kuma karanta da ƙarfi. Na rubuta, Malam ya sa hannu ya buga hatimi, na tsaya gaban benci na karanta. Mata suka ce barka, Allah ya ƙara lafiya, Allah ya kiyaye gaba. Ta sake gwada fura kasuwa biyu. 'Ya'yanta ne suka shanye.

Kafin kaka ta kwashe yaran ta koma Dawanau, inda ake ɗaukar mata tsintar wake da sheƙar riɗi, kuma ba wanda ke tambayar daga ina kika fito. Gidan nata ya rushe bayan damina biyu, wani ya shuka kuɓewa a ciki. Yatsunta goma suna nan. Na gan su da idona lokacin da ta zo bikin wata 'yar'uwarta, an sa musu lalle. Mun gaisa, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, na tambayi nata. Na ce yaya jiki, yaya zaman can. Ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Na jira ko za ta ƙara wani abu, sai aka kira ta daga cikin gida, ta tafi.